Ciwon daji na gado: Abin da gwajin kafin aure a Makka ba ya ganowa

Tun daga shekarar 2004 hukumomin Saudiyya suka wajabta wa 'yan ƙasar da ke shirin aure yin gwajin jini. A Makka, kamar yadda yake a sauran biranen masarautar, malamin da gwamnati ta ba izinin rubuta aure ba ya kammala aikinsa sai ya ga takardar asibiti. Gwajin yana neman cutar sikila da wata cutar jini ta gado mai suna talasimiya, sannan a 2008 aka ƙara da cutar HIV da ciwon hanta nau'in B da C. Jihar Kano ma ta kafa doka makamanciyar wannan a 2024.

Tsarin ya sa maganar cututtukan gado ta shiga gidaje da dama. Sai dai akwai wani rukuni na gado da gwajin ba ya leƙawa ko kaɗan, wato tawayar wasu ƙwayoyin gado da ke ƙara wa mutum haɗarin kamuwa da ciwon daji. Ango da amarya za su iya fitowa daga asibiti da takarda mai tsabta, alhali ɗayansu yana ɗauke da irin wannan tawaya, kuma zai iya gadar wa 'ya'yansa.

Masana sun ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ciwon daji ne ke da nasaba kai tsaye da gado. Adadin bai taka kara ya karya ba idan aka dubi al'umma baki ɗaya, amma yana taruwa ne a gidaje ƙalilan, inda yakan kama uwa da 'ya da gwaggo, sau da yawa tun ba su manyanta ba. A irin waɗannan gidaje, sanin abin da ya yi ajalin kakanni kan iya zama sanadin tsirar jikoki.

Mene ne ainihin abin da ake gada?

Jikin ɗan Adam ya ginu ne da ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, kuma a cikin kusan kowace ɗaya akwai kundin umarni da ake kira DNA. Kundin yana ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, waɗanda ke zuwa bibbiyu: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wasu daga cikinsu aikinsu gadi ne. Suna gyara kurakuran da ke aukuwa a DNA yayin da ƙwayoyin halitta ke rarrabuwa, ko su tsayar da wadda ta lalace kafin ta hayayyafa.

Mafi yawan ciwon daji yana tasowa ne daga kurakuran da ke taruwa a tsawon rayuwa, saboda tsufa ko shan taba ko wasu ƙwayoyin cuta. Waɗannan ba a gadar da su ga 'ya'ya. Wanda ya gaji tawaya kuwa, an haife shi ne da mai gadi guda ɗaya mai aiki a maimakon biyu, a ko'ina cikin jikinsa. Muddin wannan ɗayan yana nan daram, babu abin da zai faru. Ranar da shi ma ya lalace a wata ƙwayar halitta ta mama ko ta hanji, ƙofa ta buɗe wa cutar. Wani likita ɗan Amurka mai suna Alfred Knudson ne ya bayyana wannan a 1971, bayan nazarin da ya yi kan ciwon dajin ido da ke kama ƙananan yara.

Saboda haka abin da ake gada haɗarin kamuwa ne. Akwai masu ɗauke da tawayar da kan tsufa cutar ba ta taɓa su ba. Kowane ɗa ko 'ya na mai ɗauke da ita yana iya gadonta ko ya kuɓuta, rabi da rabi, kuma tana bi ta wajen uba kamar yadda take bi ta wajen uwa. Mace za ta iya gadon haɗarin kansar mama daga mahaifinta wanda bai taɓa kwanciya a asibiti ba.

A nan ne lamarin ya bambanta da sikila. Kafin a haifi mai sikila sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita, shi ya sa ake auna jinin masu neman aure a gwada da juna. A yawancin ciwon daji na gado kuwa, mahaifi guda ya wadatar, don haka sauya wanda za a aura ba ya kawar da haɗarin.

BRCA1 da BRCA2

Tun a 1866 wani likitan fiɗa na Faransa, Paul Broca, ya rubuta yadda kansar mama ta bi dangin matarsa har zuriya huɗu. Amma sai bayan fiye da shekara ɗari aka gano dalili. A 1990 Mary-Claire King ta Jami'ar Kalifoniya ta nuna inda ƙwayar gadon da ta sa wa suna BRCA1 take. A 1994 masu bincike a jihar Utah ta Amurka suka fito da ita, sannan a 1995 wata tawaga a Birtaniya ƙarƙashin Michael Stratton ta gano 'yar uwarta BRCA2.

Kowa yana da waɗannan ƙwayoyin gado biyu, namiji da mace, kuma aikinsu ɗinke DNA idan ya tsinke. Matsalar tana zuwa ne idan ɗaya ta zo da tawaya. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bibiyi mata kusan 10,000 masu ɗauke da tawayar, ya nuna cewa kafin shekara 80 da haihuwa haɗarin kansar mama ya kai kashi 72 cikin 100 ga masu tawayar BRCA1, da kashi 69 ga masu tawayar BRCA2. Ga sauran mata a Amurka, haɗarin kimanin kashi 13 ne. Haɗarin kansar ma'ajiyar ƙwan haihuwa ya kai kashi 44 ga rukunin farko da kashi 17 ga na biyu, alhali ga sauran mata bai kai kashi 2 ba.

Maza ma ba su tsira ba. Tawayar BRCA2 musamman tana ƙara musu haɗarin kansar furostet, wadda aka fi sani da kansar mafitsara ta maza, da kansar mama wadda ba kasafai take kama namiji ba. Tana kuma ƙara wa maza da mata haɗarin kansar fankiriyas, wato sashen cikin da ke samar da sinadarin insulin.

An ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kusan 400 ne ke ɗauke da tawayar ɗaya daga cikin biyun. A al'ummomin da suka daɗe suna auratayya a tsakaninsu adadin kan ƙaru. A cikin Yahudawa 'yan asalin gabashin Turai ya kai ɗaya cikin 40. Duniya ta ƙara sanin sunan BRCA1 a watan Mayun 2013, lokacin da tauraruwar fina-finan Amurka Angelina Jolie ta bayyana cewa tana ɗauke da tawayar, kuma an cire mata mama biyu domin rigakafi.

Ciwon Lynch da sauransu

Rukuni na biyu mafi muhimmanci shi ne wanda ake kira ciwon Lynch, da sunan likita Henry Lynch da ya bayyana shi a 1966, ko da yake tun a 1913 Aldred Warthin ya rubuta labarin wani gida a jihar Michigan da cutar ta addaba. Yana faruwa ne idan aka samu tawaya a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke gyara kuskuren kwafin DNA, wato MLH1 da MSH2 da MSH6 da PMS2. Kimanin mutum ɗaya cikin 300 ne ke ɗauke da shi, kuma shi ne sanadin kusan kashi 3 cikin 100 na kansar babban hanji. Ga mata, yana kuma ƙara haɗarin kansar mahaifa matuƙa.

Akwai wasu da ba su kai waɗannan yawa ba. Tawayar APC tana sa ɗaruruwan ƙananan tsiro su fito a cikin hanji tun mutum yana matashi, kuma idan ba a cire hanjin ba kusan tabbas ne su rikiɗe su zama kansa. Tawayar TP53 tana haddasa ciwon daji iri-iri tun daga yarinta. Tawayar RB1 ita ce ke bayan ciwon dajin idon yara, wanda iyaye kan fara lura da shi idan tsakiyar idon yaro ta yi fari kamar idon kyanwa da dare.

Yadda lamarin yake a Saudiyya

Alƙaluman hukumar rajistar ciwon daji ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1992, sun nuna cewa kansar mama ce ta fi kama mata a ƙasar, kusan kashi 30 cikin 100 na duk ciwon dajin da ake samu a tsakaninsu, yayin da kansar babban hanji ta fi kama maza. Su ne kuma nau'o'i biyun da gado ya fi tasiri a kansu. Ana gano kansar mama a jikin matan Saudiyya ne suna da kimanin shekara 50, wato kusan shekara goma ƙasa da yadda ake gani a Amurka da Turai. Wani ɓangare na wannan bambanci ya samo asali ne daga yawan matasa a al'ummar ƙasar, amma kamuwa da wuri yana cikin alamomin da ke sa likita ya yi zargin gado.

Wani bincike da likitocin ƙasar suka wallafa a 2018, a kan masu kansar mama 310 da aka zaɓo saboda ƙarancin shekarunsu ko tarihin danginsu, ya gano tawayar BRCA1 ko BRCA2 a jikin kusan kashi 13 cikin 100, kuma BRCA1 ce ta fi yawa nesa ba kusa ba.

A ƙarshen 2013 gwamnati ta ƙaddamar da shirin tattara bayanan ƙwayoyin gado na 'yan ƙasar, da burin nazarin mutum 100,000. Asibitin ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad, mai reshe a Jidda, shi ne kan gaba a wannan fanni. A cikin Makka, Cibiyar Lafiya ta Sarki Abdullah tana da sashen kula da masu ciwon daji, Jami'ar Ummul Ƙura kuma tana da sashen nazarin cututtukan gado a tsangayarta ta koyon aikin likita. A Jidda akwai cibiyar Gimbiya Al-Jauhara ta binciken cututtukan gado a Jami'ar Sarki Abdul'aziz. A wannan jami'a ce kuma Dokta Samia Al-Amoudi ta yi aiki, likitar mata da ta kamu da kansar mama a 2006 ta fito fili ta faɗa, a lokacin da mutane da yawa ba sa ko son ambaton sunan cutar.

Shin auren zumunta ne ke jawo shi?

Bincike daban-daban ya nuna cewa fiye da rabin aure a Saudiyya tsakanin dangi ake yin sa, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku tsakanin 'ya'yan wa da ƙani ne ko makamantansu. Al'adar sananniya ce a ƙasar Hausa ma, don haka tambayar ta shafi ɓangarorin biyu.

Auren zumunta ba ya haifar da tawayar BRCA ko ta Lynch, kuma auren bare ba ya hana gadonta, tun da mahaifi guda ya isa. Inda yake da tasiri shi ne idan tawayar tana cikin dangi tun asali, aka kuma haɗa mutum biyu masu ɗauke da ita. A irin wannan aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar yaron da ya gaji tawayar daga ɓangarorin biyu, ya zo duniya ba shi da mai gadi ko guda.

Yaron da ya gaji tawayar Lynch sau biyu yakan kamu da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ko na jini ko na hanji tun yana ƙarami, kuma sau da yawa akan ga tabo-tabo masu launin ruwan ƙasa a fatarsa. Wanda ya gaji tawayar BRCA2 sau biyu kuma yakan samu wata mummunar cutar ɓargo mai suna Fanconi. Waɗannan ba su da yawa, amma likitoci sun fi cin karo da su a yankunan da auren zumunta ya yi yawa, ciki har da ƙasashen Larabawa. Gidan da ya san akwai tawayar a cikinsa yana da dalilin neman shawarar likita kafin ya haɗa 'ya'yansa aure.

Hausawan Makka da darasin Ibadan

Makka gari ne da zuriyar mahajjata daga sassan duniya suka zauna a cikinsa tsawon ƙarnuka. Daga cikinsu akwai 'yan Afirka ta Yamma, waɗanda da yawansu kakanninsu suka taka a ƙasa ta Chadi da Sudan, musamman bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903. Sunaye irin su Hausawi da Fallata da Barnawi sun zama sunayen gidaje a Hijaz. Usama Hausawi, haifaffen Makka, shi ne ya jagoranci tawagar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Har yau ana jin Hausa a unguwanni irin su Shara Mansur da Misfala.

Ga waɗannan iyalai, sakamakon binciken da aka yi kan Larabawan Najad ba lallai ya bayyana halin da suke ciki ba, domin nau'o'in tawayar sukan bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Bincike mafi girma a yankin da suka fito shi ne wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta jagoranta tare da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, aka wallafa a 2018. An gwada mata 1,136 masu kansar mama, ba tare da an zaɓe su saboda shekaru ko tarihin dangi ba. Kashi 7 cikin 100 suna da tawayar BRCA1, kashi 4 kuma ta BRCA2. Idan aka haɗa da PALB2 da TP53, mace ɗaya cikin takwas ta kamu ne ta hanyar gado. Wannan ya zarce abin da aka saba gani a Turai, kuma ya kusa kai adadin da aka samu a Saudiyya cikin matan da aka tace tun farko.

Yawancin matan Ibadan 'yan kudu maso yammacin Najeriya ne, don haka sakamakon ishara ce ga Hausawa, ba ma'auni ba. Akwai kuma wata matsala da ta haɗa Larabawa da 'yan Afirka: mafi yawan bayanan da dakunan gwaji ke kwatanta sakamako da su daga Turawa aka tattara su. Saboda haka an fi samun sakamakon da ke cewa an ga wani sauyi amma ba a tantance ko mai illa ne ba. Ƙa'idar likitoci ita ce ba a yin tiyata bisa irin wannan sakamako, kuma yawancinsu daga baya akan gano ba su da illa.

Bambancin takardu ma yana da tasiri. Ɗan ƙasa yana samun magani kyauta a asibitocin gwamnati, baƙo mai igama ya dogara ne da inshorar wurin aikinsa, wanda ba shi da takardar zama kuwa hanyarsa ta zuwa asibiti ƙunci gare ta.

Wa ya kamata ya nemi gwaji?

Likitoci ba sa shawartar kowa da kowa ya yi. Alamomin da suke dubawa sun haɗa da kansar mama ko ta hanji kafin shekara 50. Kansar ma'ajiyar ƙwan haihuwa a kowane shekaru. Kansar mama a jikin namiji. Kamuwar mama biyu, ko ciwon daji iri biyu a jikin mutum ɗaya. Da kuma samun 'yan uwa na jini biyu ko uku a ɓangare guda masu ciwo iri ɗaya ko masu alaƙa, kamar hanji da mahaifa.

Gwajin na jini ne ko na yawu. An fi so a fara da wanda ya riga ya kamu, domin idan aka gano takamaimiyar tawayar a jikinsa, gwada sauran dangi yakan zo da sauƙi da araha. Wanda aka gwada aka ga bai gaji tawayar gidansu ba, haɗarinsa ya koma daidai da na sauran jama'a, kuma ba zai gadar wa 'ya'yansa ita ba. Ba a saba gwada yara don BRCA ko Lynch ba sai sun kai shekara 18, tun da haɗarin ba ya farawa da ƙuruciya. Amma ana gwada su da wuri idan ana zargin APC ko TP53 ko RB1.

Me sani ke canzawa?

A Saudiyya ana shawartar mata su fara hoton mama daga shekara 40. Mai tawayar BRCA kuwa akan fara sa mata ido tun tana 25, da hoton MRI duk shekara. Akan kuma ba ta shawarar cire ma'ajiyar ƙwai da bututunta bayan ta gama haihuwa, tsakanin shekara 35 zuwa 40 ga mai BRCA1, ko 40 zuwa 45 ga mai BRCA2, domin har yanzu babu ingantacciyar hanyar gano wannan kansa da wuri. Cire mama biyu yana rage haɗarin kansarsu da kashi 90 cikin 100 ko fiye, amma zaɓi ne, kuma mata da yawa sukan tsaya a kan sa ido.

Mai ciwon Lynch ana leƙa hanjinsa da na'ura duk shekara ɗaya ko biyu, yawanci daga shekara 20 zuwa 25, a cire duk tsiron da aka gani kafin ya rikiɗe. Bincike ya nuna cewa shan asfirin bisa kulawar likita yana rage masa haɗari.

Ga wanda ya riga ya kamu ma, sakamakon yana sauya magani. Olaparib, wanda aka amince da shi a 2014, yana cin gajiyar raunin da tawayar BRCA ta bari ne ya kashe ƙwayoyin kansar. Kansar da ke da alamar Lynch kuma tana jin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su pembrolizumab.

Sirri da maganar aure

Babban abin da ke hana iyalai magana shi ne tsoron kada a ce gidansu gidan cuta ne, 'ya'yansu mata su rasa manema. Malamai sun taɓa duba wannan damuwa a Makka. A zamanta na 17 a watan Disamban 2003, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa, mai hedikwata a birnin, ta ƙi amincewa da a mayar da gwajin lafiya sharaɗin ɗaura aure, amma ta yi kira ga gwamnatoci su wayar da kan jama'a game da amfaninsa, su sauƙaƙa shi, su kuma tabbatar ba a bayyana sakamako ga kowa ba sai masu shi. A tsarin Saudiyya na yanzu, yin gwajin sikila da talasimiya dole ne, amma ci gaba da auren bayan ganin sakamako yana hannun masu shi.

Sirrin ciwon daji na gado yana da wani nauyi na daban, domin sakamakon mutum ɗaya labari ne game da 'yan uwansa. Matar da aka gano tana da tawayar a Makka tana iya samun ƙanwa a Kano da ke cikin haɗarin rabi da rabi, ko ɗiyar wa a Maraɗi da ke cikin haɗarin ɗaya cikin huɗu, ba tare da kowaccensu ta sani ba. Likita ba ya da hurumin sanar da su ba da izininta ba, saboda haka isar da saƙon ya rataya ne a wuyan dangi.

Matakin farko ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Masu ba da shawara kan cututtukan gado sukan fara ne da tarihin zuriya uku, ta wajen uwa da ta wajen uba: wa ya kamu, a wane sashe na jiki, yana da shekara nawa. A gidajen da aka saba taƙaita bayani da cewa wance ta rasu bayan doguwar jinya, amsoshin suna wurin tsofaffi, kuma sai an tambaye su tun suna raye.